Fulogi Huɗu, Fulogi Shida

Badaru na Kiyako irin mutanen nan ne da in ka ce musu gari ya waye, sai sun leƙa waje tukuna. Ba laifinsa ba ne ƙwarai. Shekara ashirin ya yi yana jigilar hatsi da jakai tsakanin Maruta, Gwaram da Birnin Kudu, kuma a kasuwar dabbobi babu abin da idonsa bai gani ba. Ya ga an ɗura wa ramammen jaki ruwan kanwa don cikinsa ya tashi, ya ga an rufe gyambo da toka. Daga nan ya riƙe karatu guda: dabbar da dillali ya fi yaba, ita ce ba ta kai gida.

To, sai zamani ya juya. Shekara biyu da komawa tuƙin hannun dama, kuɗin mai suka shigo ƙasa, motoci suka cika hanya, masu hatsi suka daina jiran jaki. Badaru ya je Kano ci-rani ya koyi tuƙi, ya dawo ya sayar da jakansa tara ga wani Ɗanbala na Gwaram, har da Duna, baƙin jakin da ke jan gaba. Kuɗin ba su kai na a-kori-kura ba, ko da ta hannu ce. Yayarsa Batulu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ita ta cike masa. Shanu biyu ne da ita, da nononsu take riƙe gidan, ta kwance su da hannunta ta miƙa masa igiya.

"Ba kyauta ba ce, Badaru," in ji ta. "Kafin kaka ka mayar min da ko guda."

"Yaya, biyu zan mayar, har da maraƙi."

"Guda dai. Ga turkensu nan, ba zan cire ba."

A Birnin Kudu, ƙarƙashin wata ɗorawa kusa da tasha, Alhaji Maliki dillalin motoci ya ajiye a-kori-kura biyu. Ɗaya fara ce, sumul, mai ƙaramin inji, fulogi huɗu. Ɗayar shuɗiya ce wadda rana ta cinye fentinta, ƙatuwa, mai fulogi shida, sitiyarinta a ɓangaren dama, irin na da. Farar za ta lamushe kuɗin Badaru kaf. Shuɗiyar kuwa za ta bar masa abin da zai sayi karsana ya kai wa Batulu tun a makon nan.

Nan fa zuciyarsa ta fara yi masa saƙe-saƙe. Babba ta fi ƙarama araha? A wace kasuwa? Ruwa ba ya tsami banza.

Ya zo da Iliyasu bakanike don ya duba masa. Iliyasu ɗan kawunsa ne, taubashinsa, tun suna yara ba sa haɗuwa sai da tsiya.

"Kai sarkin jakai, zo ka gani," in ji Iliyasu, kansa cikin injin shuɗiyar. "Wannan ita ce taka. Yashin Maruta ba ya jin fenti, ƙarfi yake ji."

"Baki shida gare ta. Wa zai ciyar da ita?"

"Mai nawa yake yanzu? Ya kusa zama ruwan rijiya. Ta sha, ta ja kaya. Waccan farar ta malaman makaranta ce, su ɗauko katifa da akwati a kan kwalta."

"To don me ta fi araha, in tana da wannan alheri?"

"Saboda sitiyari, baƙauye! Tun da aka canza hannu mutanen birni ba sa son irinta, ba sa ganin gaba in za su wuce wata motar. Kai wa za ka wuce a hanyar Maruta? Raƙumi?"

Alhaji Maliki ya yi dariya, ya gyara hula. "Gaskiya ya faɗa maka, Malam Badaru. Da ni ne mai hatsi, shuɗiyar zan ɗauka."

Af! Dillali ya yaba. Badaru ya ajiye wannan a ransa. Ya zagaya motocin kamar yadda ya saba zagaya jaki, ya shuri taya, ya leƙa ƙasa, ya ƙirga fulogi da yatsa kamar mai ƙirga haƙora. Aka tayar da su. Farar tana magana a hankali, shuɗiyar tana gurnani har ƙirjin mutum na amsawa. Ya hau kowacce ya yi mil biyu a kan kwaltar Kano. Farar ta tashi fir kamar tsuntsu, shuɗiyar kuwa sai da ta yi nishi kafin ta miƙe.

"Ba haka ake gwada motar kaya ba," in ji Iliyasu. "A lafta musu buhu goma goma, mu shiga yashi."

"Shuɗiyar ku kai ta duk inda kuke so," in ji Alhaji. "Farar dai kada a kwarzane min fenti."

Wani mai hankali da ya ji wannan, ya san inda maganar ta dosa. Badaru kuwa ta baya ya ɗauke ta. Ato, ga wadda Alhaji ke ji da ita, ga wadda yake so ya rabu da ita. Mutum ba ya tattalin abin banza.

Ya ce zai yi shawara zuwa Juma'a. Ya yi sallama ya nufi tasha, sai ya waiwaya. Me zai gani? Iliyasu ya ja Alhaji Maliki bayan ɗorawa, ya kai baki kunnensa, yana nuna shuɗiyar da haɓa. Alhaji ya girgiza kai, Iliyasu ya kama hannunsa da hannu biyu, daga bisani Alhaji ya gyaɗa kai. Wannan jan gefe da raɗa Badaru ya san shi sarai, sau dubu ya gan shi a kasuwar jakai. La'ada ake yankewa. Ɗan kawunsa, jininsa, shi ne zai sayar da shi da shanun marayu! Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya kasa cin tuwo a ranar.

Ran Juma'a ya zo shi kaɗai, bai aika wa Iliyasu ba. Ya kwance ɗaurin kuɗi daga lalitarsa ya nuna farar.

"Ka tabbata, Malam Badaru?" in ji Alhaji.

"Na tabbata ɗin. Ai ita ce ba ka son rabuwa da ita."

Alhaji ya dube shi, ya ce, "To, na sallama. Allah ya sa a mora."

Da Iliyasu ya ga farar a ƙofar garejinsa, wasa ya ɗauke daga fuskarsa. "Badaru, me ka yi?"

"Na hana ka cin la'ada, shi ke nan."

Iliyasu ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Buhu shida. Kada ka wuce shida. In allurar zafi ta hau, ka tsaya." Ya koma ƙarƙashin motar da yake gyara, bai ƙara ɗago kai ba.

Ranar kasuwar Maruta, masu gero suka yanyame sabuwar mota. Buhu shida? Jakansa tara ma sun fi haka ɗauka, a ce ƙarfe ya gaza jaki? Badaru ya yi lodi irin na mai jakai: a yi ta ɗorawa har ƙafar baya ta lanƙwasa, sannan a sauke ɗaya. Sai dai jaki in kaya sun yi masa yawa yakan durƙusa ya ƙi tashi, mota kuwa shiru take yi. Aka ɗora sha huɗu, baya ya zauna, ya ce a sauke ɗaya.

Rana na tsaka ya iso busasshen rafin da ke kan hanyar Gwaram. Motar ta shiga yashi, ta yi taku ashirin, ta fara kuka. Allurar zafi ta hau har jan layi. Badaru ya harare ta. "Ke ma an haɗa baki da ke?" Jaki in ya turje, sanda ce maganinsa, don haka ya danna totur har ƙasa. Tayoyi suka tona rami, tururi ya turnuƙe gilashi, ya ƙara dannawa. Sai wani ƙara, ƙwas! ƙwas! kamar ana dukan turmi da taɓarya. Injin ya buga. Ya murɗa makulli sau goma, ko tari ba ta yi ba.

Yana zaune a inuwar motar, ya yi tagumi, ya jiwo gurnanin da ya sani. Shuɗiyar ce, kaya har sun fi rufinta tsawo. Ta ratsa yashin tana huci, ta haye gaɓa, sannan ta tsaya. Mai ita ya sauko, wani Salihu mutumin Sundimina.

"Sannu, bawan Allah. Kai, ba kai ne Badaru ba? Ai saboda kai na yi kwana uku ina sintiri gun Alhaji Maliki! Kuɗina a hannu, ya ce ba zai sayar min ba sai Juma'a ta wuce. Wai bakaniken nan Iliyasu ya kama hannunsa yana roƙo, a riƙe wa ɗan'uwansa, shanun marayu ne a cikin kuɗin. Da ka ɗauki farar, har sadaka na yi."

Badaru ya tuna raɗar nan ta bayan ɗorawa. Kunya ta rufe shi har wuya.

Salihu ya aiko masa da masu jakai daga Gwaram su kwashe geron mutane. Wa za a turo? Ɗanbala, da jakai tara, Duna a gaba. Jakin ya zo ya sa hanci a aljihun rigar Badaru, inda ya saba samun dusa. Badaru ya kau da kai don kada a ga idonsa.

Washegari aka jawo farar zuwa Birnin Kudu. Iliyasu ya buɗe injin, ya daɗe yana dubawa. Bai yi tsiya ba, bai yi gori ba, abin da ya fi ƙona Badaru ke nan. "Ya tafi," in ji shi. "Wani injin kuwa sai kuɗin saniya biyu."

Da la'asar Badaru ya shiga Kiyako a ƙasa. Labari ya riga shi. Batulu na tsakar gida, ta ɗora tukunya, yara na zaune da busassun ƙorai. Ya durƙusa nesa da ita.

"Yaya..."

"Ka ci abinci?"

"A'a."

Ta duba murhu, itace ya ƙare. Ta miƙe ta nufi turken shanun, wanda ta yi wata guda tana share gindinsa kullum safiya. Ta kama shi da hannu biyu, ta girgiza, ta girgiza, har ya fito. Ta kakkaɓe ƙasar, ta tura shi ƙarƙashin tukunya, ta sunkuya tana hura wuta.

"Matso kusa," in ji ta. "Yanzu tuwon zai nuna."