Butar Madam Dusuma

Hapsatu na tsugune a bakin ɗakin ajiya da muciya a hannu, tana ƙoƙarin ɗage zanen da ta lulluɓe keji da shi ba tare da ta matsa kusa ba, sai wayarta ta yi ƙara. Autarta ce, Raudatu, daga asibiti.

"Mama, an sallami Baba! Likita ya sa hannu. À seize heures, ƙarfe huɗu, muna gida, in sha Allah."

"Alhamdu lillahi! Yau ɗin nan?"

"Yau. Amma ya ce a kiyaye, kada ransa ya ɓaci ko kaɗan, jininsa bai gama sauka ba. Kin san abin da ya fara tambaya da ya ji za a tafi gida? Dusuma."

"Tana nan lafiya lau," in ji Hapsatu, kamar yadda ta saba faɗa kullum.

Ta kashe wayar, ta ɗage zanen, ta leƙa ciki, ta yi salati.

Dusuma hawainiya ce. Shekara biyu da suka wuce ta shigo unguwar New Bell ta Douala a ɓoye cikin lodin ayaba daga Njombé. 'Yan dako sun riga sun fara jifanta da duwatsu, sai mijin Hapsatu, Malam Zakariya'u, tsohon akawun tashar jiragen ruwa wanda ritaya ta bar shi da dogon yini, ya cire hularsa ya sa ta ciki. Ya haɗa mata kejin katako da ragar waya a gindin 'yar gwaibar tsakar gida, dab da dutsen da yake zama ya yi alwala. Ya raɗa mata suna da kalmar Faransanci da ake gaya wa mai gaggawa, doucement, wadda bakin unguwa ya mayar Dusuma. Shi kuwa ba ya kiranta sai da Madam a gaba.

Hapsatu ba ta taɓa ƙaunarta ba. Halittar da idonta ɗaya ke kallon gabas ɗaya yamma, ai ba abin zama gida ɗaya ba ce. Saboda haka ranar da Malam ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maƙwabciyarsu Hajiya Nana ta ce duk sharrin wannan aba ce, Hapsatu ba ta musa ba. Ta ja kejin ta tura ɗakin ajiya, ta rufe da zane.

Sai dai a yi mata adalci: ba ta wulaƙanta baƙuwar ba. A gidan su Hapsatu ko maƙiyi ya shigo sai an ba shi ruwa. Kullum da safe takan cika ƙaramar langa fal, ta tura ciki da muciya, ta jefa fara biyu ko uku, ta rufe ta wuce asibiti. Can kuma Malam zai dube ta da karkataccen bakinsa, ya yi ta kokawa da harshe har kalmar ta fito: "Du… su… ma?" Sati uku ke nan, ban da sunan Allah, ita ce kalmar da ya fi iya faɗa. 'Yar ƙwallon robar da aka ba shi ya riƙa matsawa don hannun ya dawo, ko kallonta ba ya yi.

Yanzu ga Madam Dusuma a ƙasan keji, baƙi ƙirin kamar gawayi, idanunta sun zurma, haƙarƙarinta a waje. Rassan da ke ciki sun bushe ƙayau. Ga langa cike da ruwa a gefenta, ga fara suna yawo a kanta ba ta ko motsa.

Hapsatu ta ja kejin zuwa gindin gwaibar tsakar gida, ragar ta kama ƙusar ƙofa ta yage tun daga sama har ƙasa. Ƙarar ce ta leƙo da Hajiya Nana ta kan katanga.

"Maman Raudatu, me zan gani? Kin fito da ita?"

"Malam zai dawo da la'asar. Dubi yadda ta koma, Hajiya. In ya gan ta haka, wallahi asibitin za mu juya."

Hajiya Nana ta zagayo ta shigo, ta tsaya nesa tana riƙe da bakin mayafi. "Wannan ai ta gama. Ki hau bensikin, babur ɗin haya, ki je wajen masu maganin gargajiya a bayan kasuwar Marché Central, ba a rasa mai rai. Ki sa a ciki, c'est fini. Hawainiya ai hawainiya ce."

Shawarar ta shiga ran Hapsatu. Har ta ɗauko jaka. Sai ta tuna yadda Malam ke nuna wa baƙi ɗan tabon da jifan 'yan dako ya bari a gindin wutsiyar, yana alfahari kamar shi ya ji raunin. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gano buhun da aka sauya a cikin dubu, shi za a yi wa musaya? Ta ajiye jakar.

Ta gwada duk abin da ta sani. Ta tura langar har bakin dabbar. Ta canza ruwan da na randa mai sanyi. Ta kawo madara a murfin kwalba. Har ɗan ragowar zamzam da take ɓoyo tun aikin hajjin yayarta ta ɗiga a ciki, tana istigfari. Dusuma ko ido ba ta juya ba. Aka kira azahar, Hapsatu ta ji kuka ya taso mata, na tsoro da na kunya. Sati uku tana kallon idon mijinta tana yi masa ƙarya.

Ta ɗauki buta, ta zauna a kan dutsen Malam. Ta yi alwala. Da ta gama, ta yarfe hannuwanta da haushi, ruwan ya fantsama kan reshen gwaibar da ya sunkuyo ta yagaggiyar ragar. Ɗigo ɗaya ya gangaro, ya tsaya a bakin ganye yana ƙyalli.

Idon Dusuma na hagu ya juya.

Hapsatu ta zuba ido. Ɗigon ya faɗo a kan hancin hawainiyar, ya gangara gefen bakinta. Bakin ya buɗe a hankali, maƙogwaron ya motsa.

"La ilaha illallahu," in ji Hapsatu. "Hajiya! Zo ki gani!"

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Sau biyar a rana, shekara biyu cur, tana ganin Malam in ya idar da alwala yakan tsoma yatsu a ruwa ya yi ta yarfa wa ganyen kejin. Ita ta ɗauka wasan tsufa ne, har tsiya take yi masa wai yana koya wa Madam salla. Ashe shayar da ita yake yi. Wannan halitta ba ta san ruwan kwano ba, sai wanda ke motsi a kan ganye. A Douala, garin da ruwan sama ke kwana bakwai bai ɗauke ba, ita Hapsatu ta kusa kashe baƙuwa da ƙishirwa, da langa cike a gabanta.

Ta yi ta yarfawa, Dusuma na haɗiya, har hannunta ya gaji. Ta yi salla a gurguje, sannan ta ɗaura ɗamara, don saura awa biyu da 'yan mintoci.

Tsohon kejin ya tashi aiki. Amma in Hapsatu ba ta san hawainiya ba, ta san ɗinki. Shekara ashirin da biyar tana ɗinka wa matan unguwa atamfar kasuwar Mboppi. Ta kwance gidan sauron ɗakin baƙi, ta auna gwaibar da taku da kamu, ta hau keken ɗinki. Maimakon ta yanko rassa su sake bushewa, sai ta yi shawarar ta sa wa itaciyar riga gaba ɗayanta. Ta kafa sandunan shanya huɗu, ta zura ragar ta sama, ta ɗinka mata zif na tsohuwar jakar tafiya a matsayin ƙofa, ta danne ƙasan da bulo saboda kyanwa. Ta bar gefen gabas a buɗe ga hantsi, ta yafa buhu a gefen yamma. Ta jefa ɓawon ayaba da na mangwaro a gindin don ƙudaje su taru kafin ta ja zif.

Sannan ta ɗora allura a wuta, ta huda gindin butar Malam, ta rataye ta a reshen sama. Ɗis. Ɗis. Ɗis. Daidai yadda ta yi sati uku tana kallon ledar ƙarin ruwa na yi a kan gadon asibiti.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne babba: mayar da Dusuma kan gwaibar. Ta miƙa muciya, Dusuma ta kama, ƙarfinta ya gaza, ta sulale.

"Kada ki taɓa ta!" in ji Hajiya Nana daga bayan randa. "Yawunta kaɗai in ya taɓa ki, fatarki ta dinga canza launi ke nan!"

"To sai in huta da sayen atamfa," in ji Hapsatu.

Ta yi bisimilla, ta rufe ido ɗaya, ta shimfiɗa tafin hannunta. Ƙafa ɗaya ta ɗago, ta yi gaba, ta yi baya, ta yi gaba, sannan ta damƙe mata ɗan yatsa. Riƙon ba ƙarfi, irin na jariri sabuwar haihuwa. Hapsatu ta ji tsoron shekara biyu ya zube mata a ƙasa. Ta ɗaga ta a hankali ta ɗora a reshen da ke ƙarƙashin butar.

Kafin a kira la'asar, baƙin ya fara washewa daga wuya. Ba koren da aka sani ba ne, wani ne dishi-dishi kamar miyar kuka, amma kore ne. Hapsatu na tsaye sai ta ga harshe ya fita fit, ƙuda ɗaya ya ɓace. Ta rangaɗa guɗar da ba ta yi irinta ba tun bikin 'yarta ta fari.

Tasi ta tsaya a bakin lungu, don hanyar ba ta shiguwa. Raudatu da direban suka riƙo Malam Zakariya'u, yana jan ƙafa, hannun dama na lilo. Ya ƙi a wuce da shi ɗaki. Aka zaunar da shi a kujera a gaban gwaibar. Ya dubi ragar, ya dubi zif, ya leƙa gindin wutsiya ya ga tabonsa. Ya daɗe yana kallon haƙarƙarin da ya fito, sannan ya juyo ya dubi matarsa.

"Na yi maka ƙarya, Malam," in ji ta. "Ba lafiya lau take ba. Ruwa na dinga ba ta a langa."

Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa, kafaɗarsa ta fara girgiza. Raudatu ta zabura, ta ɗauka ciwon ne. Dariya yake yi, har da hawaye.

"Lan… ga," ya ce. Sabuwar kalma ke nan.

Sannan ya ɗaga kai ya ga butarsa tana ɗiga ita kaɗai, ba ta neman kowa. Dariyar ta tsaya. Ya sunkuya ya dubi hannunsa da ke kwance a cinya, ya kau da kai.

Hapsatu ta gani. Ta dubi butar nan da ta fi alfahari da ita a duk aikin yau. Ta karyi tsinken tsintsiya, ta ja zif, ta toshe hudar. Ta juye ruwan a langar, ta ajiye a kan cinyarsa ta dama, ta matso da kujerar har reshen ya taɓa gwiwarsa.

"Wannan butar ta dare ce kawai," in ji ta. "Da rana ta ƙi sha. Hannunka ta saba da shi."

"Mama, ai yanzu na ga tana…"

"Raudatu, je ki ɗora ruwan shayi."

Malam ya miƙo hannun hagu, Hapsatu ta kama shi ta riƙe gam. Ya harare ta, ta harare shi. Can sai yatsun dama suka ja jiki kan cinya, suka yi gaba, suka yi baya, suka yi gaba, har biyu suka faɗa cikin langar. Gumi ya keto masa. Ya ɗago su da ƙyar, suna rawa, rawar ta yarfa ɗigo uku a kan ganye.

Idon Madam Dusuma ya juya.