Gansakukar Helen

"Duk wanda zai kankare bangon nan, sai dai ya fara da ni."

Helen ce ta faɗa, tana dafe da ƙyauren ɗakinsu don ƙafafunta ba sa ɗaukarta sosai. Safiyar Asabar ce ta tsaftar gari, a daminar 1985, lokacin da soja suka hana kowa fita sai an share gida da kwata. Sheshi duba-gari yana tsaye a tsakar gidanmu na haya a unguwar Tunga, ya danƙa wa mahaifinta fartanya, yana nuna bangon bayan famfo.

"Baba Irimiya, kankare. Ƙazanta ce, sauro ke kwana ciki."

"Oga, ai sauron ma ya san kwatar ƙofar ofishinku ta fi daɗi," in ji Helen.

Matan gidan suka ƙunshe dariya. Sheshi ya juyo zai yi faɗa, sai ya ga idanunta sun yi rawaya, ga ƙashin wuya a waje. Ya sassauta murya.

"Ƙarshen watan gobe zan dawo. In na tarar da shi, kotu."

"Ka dawo. Za ka same mu."

Ni Munzali, gyaran agogo nake yi, ƙofata na kallon tasu. Karatuna bai wuce allo da abin da na tsinta a tsofaffin jaridu ba, amma ina da ciwon son sanin dalilin abu. Helen kuwa tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun tsirrai: ire-irensu, danginsu, da wanda ya riga wani zuwa duniya. Ciwon sikila ne ya dawo da ita gida. Da ta ga ba za ta iya shiga daji neman tsirran aikinta na ƙarshe ba, sai ta ce dajin ya biyo ta. Bangon bayan famfo kullum a jiƙe yake, gansakuka ta lulluɓe shi kore shar, ga wani ganye mai kama da gashin kaza yana leƙowa daga tsagar siminti.

Da yamma ta aro gilashin da nake maƙalawa a ido in duba cikin agogo. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mini.

"Malam Munzali, leƙa."

Na leƙa. Wallahi kurmi na gani, da ganyaye jere, da wani ƙwaro yana ratsawa kamar giwa.

"Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, jijiyar kirki ma ba ta da ita," in ji ta. "Danginta sun riga kuka da mangwaro hawa tudu. Wancan mai gashin kaza ƙanenta ne. Masu fure duk 'yan auta ne."

"Helen, Allah ne fa ya halicce su."

"Na ce ba shi ba ne? Ku ma shi ya halicce ku, amma a gidanku babu wa babu ƙane?"

Na ce, "To me kike jira?"

"Sai ta fitar da wasu 'yan sanduna masu kai kamar na ashana. Da su zan tabbatar ko wace ce. Kafin nan ba na son ko tsintsiya ta taɓa ta. Babba ce, Malam. Gaishe ta ya kamata a yi."

Baba Irimiya yana gefe yana wasa fartanyarsa. Mutum ne da ya ƙare ƙarfinsa yana yaƙi da ciyawa a gonar doya can bayan Maitumbi. Ya girgiza kai.

"Na tura yarinya makaranta, ya dawo yana ba ciyawa ruwa."

Haka Hausarsa take, kowa namiji ne a bakinsa. Amma ban taɓa ganin ya kai hannu bangon ba.

Uwarta, Hannah, ita ce ta same ni a rumfata. Ta ce danshin wurin ne ke tayar wa Helen da ciwo, kullum ta zauna can sai ta tashi tana murƙususu. Ta roƙe ni don Allah in karɓe gilashina. Na yini ina juya maganar. Uwa tana da gaskiya. Amma wanda aka ba shi kwana kaɗan, wa ke da ikon faɗa masa inda zai kashe su? Na je dai na tambaya.

Helen ta dunƙule gilashin a tafinta.

"Tun ina goye ake cewa ba zan kai baɗi ba. An ce kar a ɓata kuɗi a sa ni makaranta, na shiga. An ce jami'a za ta kashe ni, na je. Yanzu kuma in kwanta in ƙirga kwanon rufi har mutuwa ta ga dama? In tana so na, ta zo bakin famfo."

Na bar mata. Ko yau aka sake tambaya ta, zan bar mata, ko da yake Hannah ta daina amsa gaisuwata, ban kuma ga laifinta ba.

Ciwon ya kayar da ita ana saura kwanaki watan ya ƙare. Aka kai ta asibiti. Ranar Juma'a da la'asar Baba Irimiya ya shigo gida shi kaɗai, da zanenta a naɗe a hammata.

Washegari zumuntar matan cocinsu suka zo da tsintsiyoyi, don ba a karɓar 'yan gaisuwa a gida sai an share shi tas. Ranar kuma ta dace da Asabar ɗin tsafta. Sheshi ya shigo, ya ji abin da ya faru, ya tsaya turus. Sai ga Hannah ta fito da fartanya, fuska a kumbure, ta nufi bangon.

"Shi ya cinye mini 'ya!"

Ba wanda ya iya tare ta. Doka tana bayanta, al'ada tana bayanta, ga zafin uwa. Baba Irimiya ya ja benci ɗaya daga waɗanda aka kawo daga coci, ya kai gaban bangon, ya zauna ya ba shi baya.

"A nan zan karɓi gaisuwa."

"Baba, cikin laka?" in ji wata.

"Yarinya ya ce a bari."

Hannah ta tsaya a kansa da fartanya a sama. Can ta sake ta, ta durƙushe tana kuka a gwiwarsa.

Sheshi ya matso. "Baba, ka san doka."

"Na sani. Ka kai ni kotu. Bari in binne shi tukuna."

A garin nan ba a yi wa dattijo ta'aziyya a tsaye. Sheshi ya cire hularsa ta aiki, ya tsuguna a gaban bencin, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Haka fasto ya yi, haka 'yan kasuwa, haka abokan karatunta da suka zo daga jami'a. Duk wanda ya shigo gidan a kwanakin makokin sai ya rusuna a gaban bangon nan. Sammaci bai zo ba har yau.

Bayan an watse, wata safiya Baba Irimiya ya kira ni. Ya dawo mini da gilashin, amma ya ce in fara nuna masa yadda ake sawa. Na maƙala masa a ido. Ya sunkuya, hancinsa kusan na taɓa gansakukar. Sun fito: 'yan sanduna jajaye sirara, kowanne da kansa.

"Yaya sunanshi?"

"Ban sani ba, Baba."

Bai ɗago ba. Famfo yana ɗiga a bayanmu. Hannah ta zo wucewa da bokiti, ta tsaya, ta ɗebi ruwa da tafin hannu ta yayyafa wa gefen da rana ta fara busarwa.