Ɗinkin da ke Ƙarƙashin Kafet

Rumasa'u ta haura shekara arba'in kafin ta taɓa riƙe sitiyari. Tun da mijinta ya rasu take bin motocin haya daga Gwagwalada zuwa Sheda, inda take aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kuma duk ranar da aka yi ruwa sai ta isa ofis da zani jiƙe har gwiwa. Da ta gaji, sai ta shiga makarantar koyon tuƙi, ta zauna cikin samari da 'yan matan da ta isa haifa. Ta faɗi gwajin farko, ta sake, ta samu lasisi.

Maganar mota kuwa yayanta Manniru ta bar wa. Dillancin motoci yake yi tun tana 'yar makaranta, don haka ba ta ga dalilin neman wani ba. Ya kawo mata wata ƙarama ruwan toka, fenti na sheƙi, ya ce 'yar Kwatano ce, ba ta taɓa taka titin ƙasar nan ba sai yanzu. Ya haɗa mata duk takardu, har da na inshora. A makon farko ta ɗebi 'ya'yanta mata biyu suka tafi Abaji gaida Inna, mahaifiyarta, ta zaunar da tsohuwar a kujerar baya ta zaga da ita gari. Inna tana ta shafa kujera tana sa albarka.

Ba a jima ba wani mai keke ya goge mata ƙofa a bakin kasuwa ya tsere. Ta ɗauko takardar inshorar da murnarta, tana ganin ai ranar amfaninta ta zo. Nan abokin aikinta ya yi mata bayani cewa irin wannan ba ta biyan mai mota ko sisi, wanda ka buge kawai take biya. In tana so a riƙa gyara mata tata, sai ta yanki cikakkiya.

Ta fara zagaya kamfanoni a ranakun da ta samu sarari. Ko'ina tambayar farko ɗaya ce: yaushe kika karɓi lasisi? Da zarar ta faɗa, sai ta ga an gyara zama, a faɗi kuɗin da zai sa ta tattara jakarta. Wani saurayi a wani ofis a Wuse har ya kalle ta ya tambaya ko direba za ta ɗauka, wai zai fi mata sauƙi. Wasu kuma da ke tsaye a bakin titi sun ce za su yi mata a rabin kuɗin kafin ta gama shan ruwa, amma fuskarsu ba ta kwanta mata ba.

A ƙarshe aka haɗa ta da Prudence, wata 'yar Filato da ke aiki da wani ƙaramin kamfani a Garki. Mace ce mai fara'a, Hausarta ta 'yan Abuja, tana yi tana cakuɗawa da Turanci. Ta ce za su yarda Rumasa'u ta riƙa biya kaɗan-kaɗan, kuma za su rage mata tunda tafiyarta ba cikin cunkoson gari ba ce. Sharaɗi ɗaya ne: sai injiniyansu ya duba motar tukuna. Rumasa'u ta fito tana jin kamar an sauke mata kaya.

Ranar dubawar ta kawo motar da kanta, ta wanke ta fes. Injiniyan, wani dattijo mai gilashi da ake kira Oga Meshach, ya buɗe inji ya saurara, ya ce lafiya lau. Ya zaga yana ɗaukar hoto, suna ɗan hira kan tsadar mai. Da ya zo ƙofar baya sai ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe. Hirar ta tsaya. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi ya daɗe, sannan ya nemi izini ya cire robar bakin ƙofa ya ɗaga kafet ɗin da ke gaban kujerar baya.

"Hajiya, zo ki gani," ya ce.

Ta sunkuya. Wani layin walda ne, mai kauri da ƙuraje kamar tabon ƙuna, ya taso daga gindin ƙofar hagu ya ratsa ƙasan motar har zuwa ta dama. An shafe shi da baƙin kwalta, amma inda kwaltar ta ɓare ana ganin ƙarfen. Gaban layin ruwan toka ne. Bayansa ja ne.

Ba ta gane ba, sai da ya faɗa mata a hankali. Wannan ba mota ɗaya ba ce, biyu ne. Ɗaya ta yi hatsari ta lalace ta baya, ɗaya ta gaba, aka yanke kowacce aka haɗa lafiyayyun ɓangarorin aka fesa fenti. Ya nuna mata ɗinkin ya hau ta ginshiƙan gefe har rufi, an liƙe shi da ƙasar fenti. Ya ce a cikin gari tana iya shekara ba a ji komai ba. Amma a babban titi, in ta faɗa rami da gudu ko wani ya taɓa ta, daga nan za ta rabe.

Rumasa'u ta kalli kujerar baya, wadda ke daidai bayan layin, inda Inna ta zauna, inda yaran suka zauna har Abaji, a hanyar da tireloli ke wucewa kamar za su ɗauke mutum. Ta tuna ramin da ta faɗa bayan Kwali, yaran suka yi ta dariya. Ta yi salati. Prudence ce ta riƙo hannunta ta kai ta kan benci, ta ba ta ruwa, tana cewa ta yi haƙuri, babu kamfanin da zai karɓi wannan mota, kuma don Allah kada ta sake tuƙa ta.

Nan ta bar motar. Ta wuce kai tsaye inda Manniru ke zama da abokan sana'arsa a ƙarƙashin wata bishiya, ta ja shi gefe. Duk hanya tana shirya yadda za ta faɗa masa ba tare da hankalinsa ya tashi ba, don ta tabbata shi ma cutarsa aka yi. Ta nuna masa hoton a wayarta.

Ya kalla bai ko matso da fuska ba. Ya ce ai waldar mai kyau ce, wanda ya yi ta ya san aikinsa.

Ta tsaya tana kallonsa. "Yaya, ka sani ke nan?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce kuɗin da ta ba shi ba ya sayen mota irin wadda take so, shi kuma bai so ya dawo mata hannu biyu ba. Ya ce irinsu sun cika titi, kuma ita da ba gudu take yi ba. Laifin nata ne da ta je neman inshorar masu kuɗi, da ba wanda zai ɗaga wani kafet. Sai ya sassauta murya ya ce kada ta damu, ba za ta yi asara ba. Akwai wani malamin makaranta a Paikon Kore da ke neman mota ya riƙa kai iyalinsa gida, gobe-goben nan zai sayar masa, ta karɓi kuɗinta cif.

"Da iyalinsa," ta ce.

"To ke me kike so a yi? A zubar?"

Wannan ya fi ɗinkin girgiza ta. Mutumin da ya goya ta tana ƙarama, wanda ya tsaya a kan komai ranar jana'izar mijinta, shi ne yake wannan magana yana kaɗa makullai a yatsa. Ta nemi fushi a ranta ba ta samu ba. Ta juya ta tafi. Yana kiran sunanta ba ta waiwaya ba.

Oga Meshach ne ya haɗa ta da masu sayen mota don kayan gyara a Apo. Abin da suka taya bai kai rabin abin da ta kashe ba, ta amince, da sharaɗin a gabanta za a yanka. Suka yi mata kallon mamaki, amma suka jawo motar. Suka cire inji, da kujeru, da gilasai, da ƙofofi. Mai yankan ya kunna wutarsa ya yanke ginshiƙan sama, sannan ya sa guduma ya daki ɗinkin ƙasa don ya ga inda zai fara. Bugu na biyu ƙarfen ya yi wata ƙara, layin ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan, bayan motar ya zauna a ƙasa. Mutumin ya kashe wutar ya cire tabarau, ya kalli guduma, ya kalli Rumasa'u. Ita dai ta samu wata tsohuwar taya ta zauna.

Ba su sake haɗuwa da Manniru ba sai da sallah, a tsakar gidan Inna. Ana cikin cin abinci tsohuwar ta tambaya ina motar nan mai laushin kujera. Rumasa'u ta ce masu inshora ne suka duba suka ce ba ta da lafiya, ta rabu da ita. Inna ta ce Allah ya musanya da mafi alheri, ta juya ta ce wa Manniru ya tsaya ya zaɓa wa ƙanwarsa mai kyau a karo na gaba. Ya amsa da to, kansa a ƙasa. Lomar da ke hannunsa ya mayar cikin kwano, bai ƙara ci ba.