Ranar da Ƙarfe Ta Yi Magana a Shagon Ɗinki

A shagon ɗinkin da ke bayan tashar mota kowa da laƙabinsa. Ita Ƙarfe ake ce mata, don tun da ta fara aiki a wurin ba a taɓa jin ta ce kanta na ciwo ba. Kekenta na jikin taga, na Auta na gefenta. Auta ce ƙarama a shagon, ba ta daɗe da cika ashirin ba, kuma ba ta da zance sai na saurayinta, wani mai gyaran waya.

Wata rana da hantsi wata ma'aikaciyar asibiti ta zo karɓar rigarta. Za ta fita ta ce musu ana gwajin ƙanjamau a asibitin unguwa, su daure su leƙa. Ko kwana ba ta sha ba aka fashe da dariya.

"Mu ta raina?" in ji Anti, mai shagon, tana guga. "Ta je inda masu abin suke mana."

"Ni dai nawa ba sai an gwada shi ba," in ji Auta. "Kun ga kumatunsa kuwa? Mai wannan ciwon ai daga nesa ake gane shi, duk ya ƙanjame, wuya kamar mariƙin lema."

"Kin tabbata ke kaɗai ce gare shi?" Ƙarfe ta tambaya.

"Ko ba ni kaɗai ba ce, ba ya kula 'yan iska. Sai 'yan gidan mutunci."

Ƙarfe ta ɗauke ƙafa daga kan keke, ta miƙe tsaye.

"Auta, dube ni da kyau. Me kika gani?"

"Na ga ƙatuwar da ke cinye mana abincin rana."

"To ina da shi."

Dariyar ta tsaya cak. Anti ta manta da dutsen guga har sai da rigar ta fara ƙauri.

"Wanda ya ba ni, kumatunsa sun fi na mai wayarki," in ji Ƙarfe. "Shi kaɗai na taɓa sani. Ni ma 'yar gidan mutuncin ce, kuma ni ma haka na yi dariya ranar da aka ce in je gwaji. Yanzu kullum da safe sai na haɗiyi ƙwayata kafin in fito."

Anti ta sa hannu a hankali ta janye kofin da suke shan ruwa da shi.

"Ƙarfe, ko za ki je gida ki ɗan huta? Kin ga aikinmu na allura ne."

"In huta na gaji ne? Anti, likita ya ce ƙwayar cutar ta kwanta a jinina har na'ura ba ta ganinta. A shagon nan ni kaɗai ce na san matsayina. In tsoro za ki ji, ba ni za ki fara ji ba."

Ta karɓi kofin daga hannun Anti, ta cika shi, ta shanye, ta koma kan kekenta.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai bakin tasha. Wasu mata suka zo suka kwashe yadinsu ba a ɗinka ba. Ƙarfe da kanta take ninke musu, ta sa a leda, ta ce su gaida gida. Anti ta yi ta ƙunƙuni amma ba ta kore ta ba. Auta kuwa ta daina yi mata magana, har wata safiya da ta matso ba tare da ta ɗago kai ba.

"Yaya, za ki raka ni?"

Suka je asibitin tare. Ba a sami komai a jinin Auta ba, amma aka ce ta dawo a sake dubawa nan gaba, ta kuma zo da saurayin. Shi ko da ta faɗa masa, sai ga shi a ƙofar shago yana huci.

"Ke ce kike hure mata kunne? Don kin lalace sai kowa ya lalace?"

"Ni na je na sani," in ji Ƙarfe, tana sa zare a allura. "Kai da kake da lafiya, me ya hana ka?"

"Na yi kama da mai ciwo?"

Auta ce ta amsa.

"Asibitin ba nisa. In ka je, ka dawo mu yi magana. In ba za ka je ba, kar ka ƙara kirana."

Ya tsaya yana jiran ta ce wasa take. Ba ta ce ba. Ya ja tsaki ya tafi, kuma bai dawo ba.

Auta ta yini tana share hawaye da bayan hannu, har ta ɗinka hannun riga a baibai. Ƙarfe ta ɗaga rigar ta duba, ta jefa mata a cinya tare da reza.

"Yi kukanki, amma ki warware wannan. Gobe mai ita za ta zo."