Sunan Ciwon Thaddeus

Thaddeus bakanike ne a Apo, mutumin Kagoro, gwanin gyaran birki. Tun da aka binne ɗansa Israel, wanda tirela ta murƙushe a cikin Keke Napep ɗinsa a hanyar filin jirgi, bai fasa fita aiki ba. Yakan tashi ya yi wanka, ya shiga mota daga Kuchigoro, ya je ya kwanta ƙarƙashin motocin mutane. Hannuwansa sun san aikinsu. A coci har misali ake yi da shi, wai ga mai bangaskiya, ko hawaye bai zubar ba.

Shi dai bai san abin da ake yabo ba. Wani lokaci sai ya tsinci kansa a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, shayi ya huce, matarsa Angela na tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa.

Wata rana ƙarfe ya tsaga masa tafin hannu. Ya tsaya yana kallon jinin na ɗiga cikin baƙin mai kamar na wani ne. Surajo mai fenti, maƙwabcin rumfarsa, shi ya ɗaure hannun da tsumma.

"Oga Thaddeus, ba ka jin zafi ne?"

"Ina ji," in ji shi, don ya san amsar da ake so ke nan.

Surajo ya kira Angela a waya, suka haɗu a wani ƙaramin asibiti. Bayan an yi ɗinki, likitar ba ta sallame su ba. Ta tambaye shi barci, ta tambaye shi cin abinci, sannan ta ce, "Baba, kana yawan baƙin ciki?"

"A'a."

"To me kake ji?"

Ya duba cikinsa da gaske, kamar yadda yake leƙa injin mota. "Ba komai."

Angela ta ba ta labarin Israel. Likitar ta ajiye biro, ta ce abin da take zato shi ne depression.

Thaddeus ya san kalmar, ko dai 'yar'uwarta. Sababbin motocin nan da ake tayarwa da maɓalli kullum suna rubuta ta a gaban direba: depress brake. A taka birki ke nan, a danna shi ƙasa.

"Likita, wannan ai maganar mota ne."

"Tushensu ɗaya," in ji ta. "Abu ne yake danne mutum. Da Hausa wasu na cewa ciwon damuwa."

"Ni ba ni da damuwa."

"Na yarda. Yakan zo a haka ma."

Ta rubuta magani, ta ce ya dawo su riƙa zama suna magana.

A gida suka tarar da 'yarsu Promise, wadda ke karatun nas, tana tsince wake. Da ta ji sunan ciwon sai ta ture tiren, ta jawo kujera kusa da shi. So take ta samo kalmar da ta dace da shi, ko za ta san ta inda za ta kama.

"Daddy, akwai sad. Shi ne baƙin ciki kawai."

Ya girgiza kai.

"Gloomy fa? Kamar hadari ya haɗo, gari ya yi duhu, ruwan ya ƙi sauka."

"Ni ban ga duhu ba. Ina ganin komai."

Ta ce downcast, wanda kansa ya sunkuya. Ta ce low, wanda ƙarfinsa ya yi ƙasa. Ya saurare ta da ladabi, kamar kwastoma na kwatanta masa ƙarar da mota ke yi. Turawa sun tara sunaye da yawa, ya yi tunani, amma duk na wanda ke jin wani abu ne. Promise ta kasa ci gaba, ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Ya ɗora mata hannun da ba a ɗinke ba, domin ya tuna haka ake yi.

Ya sha maganin. Hannu ya warke, ya koma Apo. Ranar komawa asibiti Angela ta rufe shagonta ta raka shi. Suna tsaye a bakin titi suna jiran mota, ruwan sama na yayyafi, ta ce, "Baban Promise, matso daga cikin taɓon nan."

Ya matsa. Sai can ya ce, "Yaushe kika daina ce min Baban Israel?"

Ta gyara ɗankwalinta. "Tun bayan biso. Na ɗauka sunan yana maka ciwo."

"Ba ya min komai."

Wata bas ta tsaya, cike take, ta wuce.

"Amma ki riƙa faɗa," in ji shi.

"Baban Israel," ta ce a hankali.

Ya tsaya ya jira ko zai ji wani abu. Bai tabbatar ba. Ya ce, "Na'am."

Bas ta biyu ta zo da wurin mutum biyu a baya. Ya riƙe mata ƙofa ta shiga, ya bi ta.