Goggo Ta Maido Ɗaki Sabo Fil

Saura kwana biyu in cika watan gwajin aiki a teburin karɓar baƙi, sai ga Goggo ta shigo otal ɗinmu da jaka a hammata, tana washe baki, tana gaida kowa har da tukwanen fulawa. Ina ƙaunarta, ita ta raine ni, amma a bangon da ke bayana akwai allo mai cewa duk baƙon da bai gamsu ba za a mayar masa da kuɗinsa. Manaja kuwa ya riga ya ja mini kunne: baƙi biyu sun cike takardar ƙorafi a hannuna, in na uku ya cike, in nemi wani aikin.

Goggo mai shagon atamfa ce, kuma allon nan ne ya kawo ta. Tun da na yi suɓul da baka na ba da labarinsa a gida take mafarkin kwanan banza. Na roƙe ta a waya ta fasa, ta ce ta riga ta kama ɗaki, ta kuma karanta ƙa'ida, lokacin sokewa ya wuce. Maganar aikina kuwa kunya ta hana ni faɗa mata.

Washegari da ƙarfe goma ta sauko, wuya a sage, ido jawur, ta nemi takardar ƙorafi. Manaja da kansa ya taso ya tambayi abin da ya ɓata mata rai. Ta ce ya zo ya gani. Na bi su.

Gado ko lotsawa bai yi ba. Tawul na nan a ninke, sabulu a ledarsa, na'urar sanyi a kashe. Ashe a kan kafet ta shimfiɗa zanenta, ta yi matashi da jaka.

"Ranka ya daɗe, ga ɗakinka yadda ka ba ni," in ji ta. "A shagona in za a maido atamfa, sai ba a yanka ba, ba a wanke ba, da lambarta a jiki. Ni ba na cin haram."

Mai shara da ta biyo mu ta dafa bango tana ƙyaƙyatawa. Manaja ya cije leɓe, kafaɗunsa na girgiza, ya yi mata bayani cewa alkawarin na wanda ya mori ɗaki ne bai ji daɗinsa ba. Ko ita ba ta ji daɗi ba? Ta ce ina za ta sani, tun da ba ta taɓa komai ba. Ya ce duk da haka in tana so ta sa hannu, sannan ya ɗan dube ni. Goggo ta shekara talatin tana karanta fuskar masu ciniki, wannan kallon bai wuce ta ba. Ta juyo gare ni.

"Ke, in na sa hannu, a kan wa zai faɗa?"

"A kaina, Goggo."

Ta miƙa wa manaja takardarsa, ta tambayi ƙarfe nawa ake barin ɗaki. Aka ce sha biyu. Ta kore mu waje ta murza makulli.

Awa biyun nan ba zan manta su ba. Wayar teburina ta yi ƙara sau shida. Tana son shayi. Tana son ƙarin tawul. Ta kira don kawai in san cewa katifa ta haɗiye ta, kada a zo ceto. Na yi dariya har kwallina ya zuba, baƙi na kallona.

Sha biyu daidai ta sauko tana ƙamshin sabulu, ta shaida wa manaja ta gamsu har ɓargo. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko bajon suna na ma'aikatan dindindin. Goggo ta fizge ta ce ita za ta maƙala mini. Idonta taf da hawaye, ta maƙala shi a juye. Haka na bar shi har na tashi aiki.