Rijiyar Malam Maharazu

Munira ta ciro kwalba ta shida daga tukunyar ruwan zafi, ta ɗiga abin da ke ciki a na'ura, ta zuba wa allon kwamfuta ido. Layin da ke nuna yawan guba bai sauka ba. Kwana goma sha tara ke nan tana dafa ruwan rijiyar mahaifinta a ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar da take koyarwa a Dutse, amma gubar da ke ciki ta ƙi raguwa sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Malam Misbahu, mai kula da na'urorin, ya matso ya duba.

"Malama, ko mu sake?"

"Sau uku muka yi, Malam Misbahu. Na'ura ba ta yi ƙarya ba."

Ta san dangin wannan sinadari sarai, don a kansa ta yi digirinta na biyu. Eta mai kulorin ake ce masa. Idan kulorin ɗin yana daf da oksijin da ke tsakiyar ƙwayar, ruwa kan fizge shi nan take, kafin minti ɗaya rabin gubar ta watse. Idan kuwa ya matsa gaba da taki ɗaya tak, ruwa sai dai ya yi ta lallaɓa shi shekara da shekaru. Tun farko alamu sun nuna mata na biyun ne, ta ƙi yarda. Ta yi ta ƙara wuta, tana auna saurinsa a zafi iri-iri, ko lissafi zai zo mata da sauƙi. Da ta mayar da shi kan sanyin ƙasan rijiya, sai ya ba ta shekara ashirin da ɗoriya.

Ta naɗe takardar sakamakon, ta shiga motar Aujara.

Ƙauyensu yana gaba da garin kaɗan. Shekara huɗu da suka wuce wata babbar mota ta lalace a bakin hanya, direban ya roƙi mahaifinta, Malam Maharazu, ya ajiye masa gangunan ƙarfe guda bakwai zuwa mako. Bai dawo ba. Gangunan suka yi tsatsa, suka fara yoyo, wari ya dami mutane. Tsohon ya sa aka haƙa rami a bayan gona aka binne su, taku arba'in daga rijiyar da ya haƙa da hannunsa tun kafin a haifi Munira. Bara ruwan ya sauya ɗanɗano. Awaki suka fara mutuwa. Da damina mahaifiyarta, Inna Kubura, ta kwanta da ciwon hanta, ba ta tashi ba.

Munira ta sami mahaifinta zaune a kan buzu kusa da rijiyar, an rufe bakinta da kwano an danne da dutse. Tun ranar da ta ce a dakata da sha, mata ke tafiya mai nisa zuwa famfon makaranta, shi kuma kullum nan yake wuni.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi mijinta da yara, sannan ya dubi takardar da ke hannunta.

"To, 'yar malam, me ruwan ya ce?"

"Baba, akwai irin da ruwa ke cinyewa da wuri, akwai mai taurin kai. Namu mai taurin kan ne."

"Ko an yashe ta?"

"Ko an yashe. Ya riga ya shiga ƙasa, ta nan yake tsatsowa."

"Zuwa yaushe?"

"Shekara ashirin."

"Sannan a sha?"

"Sannan rabinsa ya tafi, Baba."

Shekarunsa saba'in da takwas. Ta ga leɓensa yana motsi kamar mai ƙirga, sai kuma ya bari. Ya miƙa hannu ya shafa bakin rijiyar, inda igiyar guga ta ci dutse ta yi masa zane-zane.

"Munira." Rabon da ya kira sunanta kai tsaye har ta manta. "Ke kika yi karatun. Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Shi ya tafi da uwarki?"

A mota ta shirya ce masa a'a. Ta maimaita kalmar tun daga tasha. Amma da ta ɗago ta ga idonsa, sai ta kasa.

"Ban sani ba, Baba. Abin da na auna na ruwa ne, ba na jikin mutum ba. Zai iya yiwuwa, zai iya kasancewa ba shi ba ne."

"Da safe ni nake ja mata. Takan ce na farkon ja ya fi sanyi."

"Ba ka sani ba. Taimako ka yi wa baƙo."

"Na sani ko ban sani ba, ni na binne."

Hawaye suka zubo mata, ta sa gefen mayafi ta share. Shi bai yi kuka ba. Ya karanta Innalillahi a hankali, ya dafa sanda ya miƙe, ya ƙwalla wa yayanta Abdurrahim kira, ya fito daga cikin gida.

"Ka je Aujara ka zo da siminti buhu biyu da magini. Yau za a rufe. Idan aka bar ta da kwano, wata rana famfo zai lalace, wani ya ɗaga."

Abdurrahim ya dubi ƙanwarsa, ta gyaɗa kai. Ya hau babur ya tafi.

Bayan la'asar magini ya iso, ya zube yashi, ya tambayi inda zai samu ruwan kwaɓi. Abdurrahim ya ɗauki jarka zai nufi famfon makaranta. Malam Maharazu ya tsayar da shi, ya juyo wurin 'yarsa.

"Mata na layi a can, kada a rage musu. Wannan ɗin zai yi kwaɓi?"

Munira ta dubi rijiyar. "Zai yi. Amma da shebur, kada a sa hannu."

Tsohon ya ture dutsen, ya janye kwanon. Abdurrahim ya miƙo hannu zai karɓi igiyar, ya hana shi. Ya yi bisimilla, ya zura guga da kansa.